'Yan Bakwai da 'Yan Sha Biyar

Likita ake ce masa, amma ko ƙofar makarantar likitoci bai taɓa leƙawa ba. Aikinsa na fari turin gadon marasa lafiya ne a sashen masu karaya na babban asibiti. Shekara shida ya yi yana tura mutane daga ɗakin hoto zuwa ɗakin tiyata, yana riƙe ƙafa idan za a yi mata ɗori, yana kallon inda hannun manya ke taɓawa. Mutum ne mai shiru, mai faɗin tafin hannu, kuma abin da idonsa ya gani sau biyu ya zauna. A haka ya iya naɗa bandeji, ya iya raba targaɗe da karaya, ya san yadda lafiyayyar gwiwa take motsi a hannu da yadda wadda jijiyarta ta tsinke take yi.

Shi ne babba a ɗakinsu. Ƙaninsa, wanda ya ba shekara tara, tun yana ɗan sha biyar ya fara sunkuyawa kafin ya shiga ɗaki. Unguwa ta sa masa Tsani, sunan ya bi shi har ya danne na gaskiyar. Wata rana kocin ƙungiyar ƙwallon kwando ta kamfanin siminti ya hango shi a tashar mota, kansa ya zarce na kowa, ya biyo shi har gida.

Mahaifiyarsu ba ta so ba. Ta ce ita ba ta ga aiki ba a ce ƙato ya wuni yana tsalle da gajeren wando. Da ta ga ba makawa sai ta kira babban.

"Ga ƙaninka nan," ta ce. "Tsawon ne kawai ya yi gaba, hankalin bai kai kafaɗa ba tukuna. Ka riƙa leƙa min shi."

Ya riƙa leƙawa idan ya tashi daga aiki. Ran nan yana zaune a wajen 'yan kallo wani ɗan wasa ya gurɗe a idon sawu, aka ɗauko tsumma za a ɗaure masa kamar ana ɗaure buhu. Bai san lokacin da ya sauko ba. Ya karɓi ƙafar, ya lalluba, ya naɗa ta yadda ya ga ana yi. Koci, wani gajeren mutum mai dasasshiyar murya, ya tsaya a kansa.

"Kai likita ne?"

"A'a, gado nake turawa."

"To daga yau kai ne likitanmu."

Shekara talatin da huɗu ya yi a ƙungiyar.

Zamanin da har yau ake labari shi ne na 'Yan Bakwai. A takarda 'yan wasa goma ne. Ɗaya ya shiga soja, ɗaya ya tafi waje neman ƙungiya bai dawo ba, ɗaya kuma matarsa ta ce ko ita ko ƙwallo. Kamfani ya ce a yi haƙuri da abin da ke akwai. Wasan na mutum biyar ne a fili, minti arba'in, don haka biyu ne kawai ke saura a benci don canji. Akwai Gajere, wanda ke shiga idan mai raba ƙwallo ya nemi numfashi, da Kafinta, wanda ba wanda ya san ainihin shekarunsa, yana gudu kamar mai ɗauke da katako. Koci kan nuna bencin ya ce abu huɗu ne a kai, Gajere da Kafinta da Likita da bokitin ƙanƙara, kuma a cikin huɗun bokitin ya fi amfani. Gajere kan yi dariya fiye da kowa.

Filinsu siminti ne da aka shafa wa koren fenti, rufin kwano ne, idan rana ta take ɗakin kamar tanderu. A kan wannan simintin biyar ɗin farko suke buga minti arba'in cur, wasa bayan wasa. Tsani shi ne ginshiƙi, yana tsaye a ƙarƙashin kwando, duk ƙwallon da ta dawo tasa ce. Wasu ƙungiyoyin sukan zo da mutum goma sha biyu, su yi ta canji, su koma gida da kunya. Kofi biyu suka ɗauka a jere. Mutane suka fara cewa ƙarfe aka yi su da shi. Likita dai shi ke ganin ƙarfen bayan an tashi, a ɗakin canja kaya mai warin gumi da man zafi, inda manyan maza ke zama ƙafa a cikin bokiti, ba mai iya sunkuyawa ya kwance takalminsa.

A shekara ta uku, ranar Laraba, a wasan kusa da na ƙarshe, Tsani ya yi tsalle ya sauka a kan ƙafar wani. Ya tashi ya ƙarasa wasan yana ɗingishi, suka ci. A ɗaki Likita ya kwantar da shi a kan benci, ya riƙe cinyar da hannu ɗaya, ya jawo ƙwaurin da ɗayan. Ƙashin ya taho gaba kamar aljihun tebur. Ya sake gwadawa. Ya ga irin wannan a asibiti ba sau ɗaya ba, kuma ya san masu ita wata tara suke yi kafin su taka fili, in ma sun taka.

Koci ya tsaya a bakin ƙofa. "Asabar wasan ƙarshe. Zai buga?"

Likita ya dubi Kafinta a can gefe yana shafa wa bayansa mai. Shi ne zai tsaya a gurbin Tsani, kuma kowa a ɗakin ya san abin da zai biyo baya.

"Yaya," in ji Tsani, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ka ce zan buga."

"Jijiya ce ta tafi."

"Na ji. Ka ɗaure ta. Wasa ɗaya ne, bayan shi ka yi abin da ka ga dama da ni. In ka ce a'a, wallahi ba ni ba kai."

Koci yana ta juya usur a hannu. Ba mugun mutum ba ne. Da a ce yana da dogo na biyu a benci da bai ma yi tambayar ba.

"Zai buga," in ji Likita.

Ranar Asabar da hantsi ya zuƙe ruwan da ya taru a gwiwar da sirinji, ya yi masa allurar kashe zafi, ya naɗa filasta tun daga tsakiyar cinya har ƙwauri. Tsani ya buga minti arba'in, ya ci maki talatin da ɗaya, suka ɗauki kofi na uku. Mutane suka ɗaga shi sama suka zagaya fili da shi.

Wasa ɗayan nan bai tsaya a ɗaya ba. Sabuwar kakar wasa ta zo ba a ƙaro kowa ba, aka ce ai bakwai sun isa, an gani. Kaka biyu Tsani ya ƙara a kan gwiwar, kowace Asabar da sirinji da allura, kuma kowace Asabar yayansa ne ke yi. Yana ɗan ashirin da bakwai gwiwar ta ƙi lanƙwasawa. Kamfani ya ba shi kujera a sito yana rubuta buhunan da ke fita. Ɗaya ƙafar da ke ɗaukar nauyin biyu ita ma ta gaji, daga nan ƙugu ya karɓa. An yi masa tiyata sau biyu, ta biyun ta yi ruwa, ya yi wata huɗu a kwance. Daga sanda ɗaya ya koma biyu, yana ɗan arba'in da biyar ya zauna a keken guragu. Kafin nan kamfanin ya rufe. Matarsa ta yi haƙurin shekara goma sha ɗaya, sannan ta koma gidansu da 'yarsu ɗaya, kuma ba wanda ya ga laifinta, har shi kansa.

Likita ya gyara masa ɗakin baya na gidansa, ya fasa dokin ƙofa don keke ya wuce. Kullum da safe kafin ya fita shi ke ɗaga shi daga gado, ya kai shi banɗaki, ya yi masa wanka, ya murza masa ƙafafu da mai. Matar Likita ke kai masa abinci, suna 'yar tsokanarsu.

"Maigida ƙarami, yau ma ba ka fita nemo mana cefane ba?"

"Ke dai ki jira, gobe zan kai ki kasuwa a motata. Ga ta nan, tayoyi biyu, ba ta shan mai."

Ba su taɓa zancen ranar Larabar nan ba, shi da yayansa. Zancen ƙwallo dai suna yi kullum.

Sauran 'Yan Bakwan ma ba su fita lafiya ba. Mai raba ƙwallonsu ya rasu yana ɗan arba'in. Biyu suna tafiya a duƙe. Ɗaya ya saba da ƙwayoyin kashe zafi tun yana wasa, ya kasa bari, ƙodarsa ta lalace. Kafinta ya koma shagonsa har tsufa ya ɗauke shi. Gajere ne kaɗai garau, yana sayar da tayoyi a bakin babban titi, yana hawa bene da gudu. Idan ya zo duba Tsani yakan ce, "Ni benci ne ya cece ni. Da Koci ya san darajata da yanzu tare muke tseren keke."

Ƙungiyar kuwa ta canja hannu sau biyu. Masu ita na yanzu sun gina sabon ɗakin wasa mai daɓen katako da ke ɗan lotsawa idan an taka. 'Yan wasa goma sha biyar ne, sha biyu ake rubutawa a kowane wasa, uku su zauna a baya da rigar gida. Kocin matashi ne, yana yawo da kwamfuta a hannu, yana ƙirga mintocin kowa. Ba wanda ke wuce minti ashirin da shida. Mutum ya ɗan taɓa cinyarsa, kafin ya juyo an ta da wani. An kawo masu gashin ƙashi biyu masu takardar shaida, aka bar wa Likita cika ƙanƙara da yanka filasta da ninke tawul. Bai ji haushi ba. Ranar farko da ya ga an fitar da babban ɗan wasa don kawai idon sawunsa ya ɗan kumbura, sai da ya shiga ɗakin wanki ya tsaya shi kaɗai na ɗan lokaci.

Amma zaman ƙarshen benci ya nuna masa wani abu. A gefensa akwai wani dogon ɗan wasa mai shekara ashirin da takwas da abokansa ke kira Rakiya. Kaka biyar ya yi a ƙungiyar. Shi ne na farko a wajen atisaye, shi ne na ƙarshen fita, amma ba a sa shi sai idan an riga an ci ko an riga an sha kashi, saura minti ɗaya. Gwiwoyinsa sumul kamar na jariri. Wata safiya bai zo ba, sai Likita ya ji an sallame shi ta saƙon waya. Daga baya ya gan shi yana gadin wani kanti. Suka gaisa, Rakiya ya ce, "Baba, ka san ko sau ɗaya ba ka taɓa ɗaure min ƙafa ba?" Yana murmushi ya faɗa.

Akwai shirin wasanni da ake yi a rediyo kowace Asabar da safe, Tsani ba ya bari ya wuce shi. Shekarar da ƙungiyar yanzu ta ɗauki kofi, shirin ya ta da muhawara: tsakanin 'Yan Bakwai da 'yan yanzu, wa ya fi? Mako uku ana yi, masu kira suna ta zuba. Sai mai gabatarwa ya tuna akwai mutum ɗaya da ya zauna a bencin duka biyun, ya aiko a kira Likita.

Tsani ya fi shi murna. Ya sa matar Likita ta goge wa mijinta riga, ya ce a sayo sabon batir na rediyo. Da safen, bayan an yi masa wanka an zaunar da shi a keke, ya riƙe hannun yayansa.

"Yaya, ka gaya musu mu muka fi. Kai ka gani da idonka. Kada ka tsaya kana wani nuƙu-nuƙu."

"Zan faɗa."

Ɗakin watsa shirin ƙarami ne, an liƙa soso a bango, ga tebur da makirfo uku da jar fitila a saman ƙofa. Bayan mai gabatarwa akwai wani matashi mai tabarau da suke kira Masani, da takardu a gabansa. Shi ya fara. Ya ce 'yan bencin ƙungiyar yanzu suna cin maki arba'in a kowane wasa, na 'Yan Bakwai kuwa huɗu. Ya ce a yau kowane gurbi yana da mutum uku, a wancan lokacin gurbi uku ba su da mataimaki ko ɗaya. Ya ce da za a haɗa su, 'Yan Bakwai za su jagoranci rabin farko, a rabi na biyu harshensu zai fito, domin sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Mai gabatarwa ya juyo. "Baba Likita, kai ka ga jiya ka ga yau. Me za ka ce?"

Likita ya matso kusa da makirfo. Ya ce biyar ɗin farko na wancan lokacin, bai sake ganin irinsu ba. Ya ce sun san juna kamar yatsun hannu ɗaya, mutum kan jefa ƙwallo ba tare da ya duba ba, don ya san wa zai tarar a wajen. Ya ce a ƙarƙashin kwando kuwa har yau ba a yi kamar Tsani ba. Gaskiya ya faɗa, kuma da an tsaya a nan da shi ke nan.

Sai aka ɗauki kira. Wani mutum ne mai babbar murya, ya ce shi yana fili ranar wasan ƙarshen nan. Ya ce 'yan yanzu ragwaye ne, ɗan ciwo kaɗan sai a kwanta. Ya ce Tsani da karyayyar gwiwa ya ci maki talatin da ɗaya, wannan shi ne namiji, kuma da shi ne koci da ya kori rabin bencin nan ya bar bakwai, a ɗaure musu ƙafa su shiga kamar yadda aka yi a da. Mai gabatarwa ya yi dariya, ya ce to Baba, ka ji fa, ko za ka koya wa yaran yanzu irin ɗaurin nan?

Likita ya dubi hannuwansa a kan tebur. Shekara ashirin da bakwai maganar tana cikinsa, bai taɓa gaya wa ko matarsa ba.

"Ni na yi ɗaurin," ya ce. "Ni na yi allurar. Na san jijiyar ta tsinke tun ranar Laraba, aka tambaye ni, na ce zai buga. Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kaka biyu ina zuƙe masa ruwa a gwiwa duk Asabar, saboda in ya zauna ba wanda zai shiga. Mai kiran nan ya ce namiji. To namijin yana gidana. Yau da safe kafin in zo nan ni na ɗauke shi na ɗora a kan masai, na tsaya har ya gama, na wanke shi. Kullum haka nake yi, shekara shida ke nan. Da muna da dogo ɗaya tak a benci, ko da rabin iyawarsa ne, da yau da ƙafarsa zai zo ya ba ku amsa. Ba ƙarfe ba ne, mutane ne, kawai ba su da mai karɓarsu."

Masani ya sunkuyar da kai a kan takardunsa. Mai gabatarwa ya ce za a je talla a dawo.

A hanyar gida jikinsa ya yi sakayau, kamar wanda ya sauke kaya. Har yana tunanin watakila yau za su zauna su yi maganar, shi da ƙaninsa. Matarsa ya tarar a tsakar gida tana tsaye, ba ta yi masa sannu da zuwa ba.

"Me ya kai ka?" ta ce a hankali. "Ka faɗi allura, ka faɗi laifinka, wannan naka ne. Masai kuma fa? Duk gari na ji."

Ya wuce ɗakin baya. Tsani ya juya kekensa yana fuskantar bango, rediyon a kashe a kan cinyarsa.

"Tsani."

Likita ya matso kusa da keken.

"Ban yi don in tozarta ka ba. Mutumin nan ne ya ce a sake yi wa wasu."

"Fita, Yaya," in ji Tsani, bai juyo ba. "Kuma daga yau kada ka sake taɓa ni."

Likita ya ɗauka fushin kwana biyu ne. Ba haka ba ne. Washegari da ya shiga don ya ɗaga shi, Tsani ya riƙe ƙarfen gado da hannu biyu har sai da ya fita. Dole aka roƙi maƙwabcinsu mai walda ya riƙa shigowa safe da yamma. Mutumin kirki ne, amma bai iya ɗauka ba, kuma yana da shagonsa. Wani lokaci sai hantsi ya yi Tsani yana kwance yana jira. Tausar ƙafa ta tsaya. Tsokanar da yake yi da matar yayansa ma ta tsaya, sai dai ta ajiye kwano ya ce an gode. Mutanen da shekaru ba su tako gidan ba suka fara zuwa dubiya, su tsaya a bakin ƙofa suna kallonsa da tausayi, suna ce masa sannu. Ya ce a riƙa cewa yana barci.

A wajen aiki kuma, bayan mako biyu manajan ƙungiya ya kira Likita ofis. Ya ba shi kujera, ya yaba masa shekarun da ya yi, sannan ya ce maganar allura ta jawo tambayoyi, masu tallafa wa ƙungiya ba su ji daɗi ba, ga shi kuma ya manyanta, ya kamata ya huta. Aka ba shi riga mai sunansa na Likita a baya, aka yi hoto. Ya kwashe almakashinsa da tsohon bokitinsa ya tafi. Sai ya zamana yana gida wuni guda, ɗaki biyu tsakaninsa da mutumin da ba ya yi masa magana.

A wata na huɗu, wata safiya mai walda ya makara. Tsani ya yi ƙoƙarin komawa keke da kansa, keken ya zame, ya faɗi a kan ƙugunsa. Likita ya ji ƙarar ya rugo. Ko a ƙasan ma sai da Tsani ya ture hannunsa sau ɗaya kafin zafi ya fi ƙarfinsa.

Ƙashin ƙugun ya karye. A asibiti gadon ya yi masa kaɗan, aka sa kujera a ƙarshe aka ɗora ƙafafunsa. Likitoci suka ce jikin ba zai ɗauki wata tiyatar ba. Kwanciya ta jawo masa ciwon ƙirji, numfashinsa ya fara yin ƙara. Likita yana zuwa kullum, ya zauna a gefe daga safe har a kori masu dubiya, ba mai cewa uffan.

Rana ta goma sha ɗaya, da la'asar, Tsani ya yi magana yana kallon silin.

"Ƙafar nan ta yi sanyi."

Likita ya tashi ya yaye bargon. Ƙafafun sun rame, sai dogayen ƙasusuwa da tabon ɗinki. Ya murza tafin hannunsa har suka yi ɗumi, ya fara daga yatsu yana hawa. Ya daɗe yana yi.

"Ka yafe min ranar Larabar nan," in ji Likita.

"Wannan ni na roƙe ka. Da ka ƙi, da na nemi wani ya yi min." Tsani ya tsaya ya nemi numfashi. "Ta rediyon ce ban roƙe ka ba."

"Na sani."

"Ba ƙarya ka yi ba, Yaya. Amma da ka bar musu wancan Tsanin. Shi kaɗai ne ya rage min da ke tafiya da ƙafarsa."

Likita ya ci gaba da murza ƙafar, yana jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Bayan ɗan lokaci barci ya ɗauke shi. Daga ranar ya bar shi yana yi masa tausa da juyi da wanka, amma maganar ba ta sake tasowa ba. Kwana tara bayan nan ya rasu, da hantsi, yana ɗan hamsin da ɗaya.

Ranar ta zo daidai da wasa. Ƙungiya ta aiko 'yan wasa biyu gaisuwa, daga cikin ukun da ba a rubuta sunansu ba a ranar. Suka zauna a ƙofar gida cikin ladabi, gwiwoyinsu sun kusa kai haɓa saboda ƙanƙantar kujerun. Likita ya ji ɗayan yana tambayar Gajere a hankali wane gurbi marigayin yake bugawa. Gajere ya buɗe baki zai fara, sai ya fasa, ya tashi ya koma can gefe ya zauna shi kaɗai.

Likita yana nan da ransa. Hannunsa ya fara rawa idan zai zura zare a allura, amma a kan gaɓa bai manta komai ba. Ya ajiye benci a ƙofar gida, masu dako da leburorin gini da direbobi suna kawo masa targaɗe da ciwon baya. Yana lallubawa, ya murza, ya ɗaure. Wanda ya ga ciwonsa na hutu ne yakan gaya masa kai tsaye, ya ce mako uku, ko wata biyu, kuma ba zai ɗaure masa don ya koma aiki ba. Sukan ce Baba, in na zauna wa zai karɓe ni? Mafi yawansu sukan yi masa godiya, su miƙe a hankali, su gangara ƙasan layi wajen mai kemis, wanda ke yin allura ba tare da ya yi tambaya ba.